Sarƙar da Ta Ƙi Zagaye Wuyana

Ina da shekara goma sha uku ranar da Inna ta fito da sarƙarta ta azurfa, ƙirar Agadas, don ta gwada mini. A tsakar gidanmu na Tamanrasset ne, ina zaune cikin rana lulluɓe da bargo, domin sanyi nake ji alhali kowa na gumi.

Maƙwabciyarmu Lalla, wata Buzuwa mai fara'a, ta matsa damtsena tana dariya. "Mariyama, me kike ɗura wa ɗiyar nan? Mu sai mun cika namu da nono da gumba kafin su yi wannan kyau!"

Daɗi ya kama ni. Har na hango kaina amarya bisa farin raƙumi, ana ta nuna ni.

Amma sarƙar ta ƙi haɗuwa. Inna ta ja, ta sassauta. Ta ce, "Abin mamakin ke nan, Lalla. Ba ta cin abin kirki, sai barci. Tsawonta ma yana inda yake bara."

"Baiwa ce, ki gode Allah."

Inna ta zuba wa wuyana ido. Ta ɗora babban yatsanta a maƙogwarona, hannunta na ƙamshin kanumfari.

"Haɗiye yawu in gani."

Na haɗiye. Wani ɗan kumburi ya hau ya sauka ƙarƙashin yatsanta.

"Sake."

Sai ta zuba mini sarƙar a tafin hannu, ta yafa mayafi. "Tashi, wurin likita za mu."

Maƙoƙo ne, shi ya kawo ƙibar da sanyin. Har yau, duk safiyar da na haɗiye 'yar ƙwayar maganina, ina jin yatsan Inna a wurin, yana jira ya gani.