Abin Wuyan Mudi

Tun da aka raba wa yara masu galahanga abin wuya mai magana a madadinsu, aka sallami malaman da ke horar da su. Yau Uwani ta kai ɗanta Mudi asibiti.

"Likita, kwana uku bai ci abinci ba. A dawo mana da Malama Lantana, ita ta san kukansa."

"Hajiya, doka ta ce yaron za a tambaya. Mudi, ya jiki?"

Mudi ya ciji hannunsa har jini ya fito.

"Da sauƙi, alhamdulillahi," in ji abin wuyan.

Likita ya kira na gaba. Uwani ta goge jinin da mayafinta.

"Na gode, Umma," in ji abin wuyan.