Riguna Huɗu, Mu Biyar

Ina da shekara goma sha huɗu a Doha, bayan korona ta lafa, ina wasan tura dutse a kan ƙanƙara a wani ɗakin wasanni. Kociyarmu ta sha ce mini, "Ke za ki jagoranci 'yan matana a gasa."

Ranar rabon rigunan tawagar ƙasar Qatar, da la'asar, Baba ya baro aikin tuƙinsa don ya gani. Aka fito da riguna huɗu, mu kuwa mu biyar ne.

Na ce, "Malama, tawa fa?"

Ta ce, "Fasfonki na Najeriya ne, ai na ɗauka kin sani. Maza, ɗauke mu hoto."

Ita da kanta ta cike takarduna tun ranar farko. Na ɗauki hoton a gaban Baba. Har yau ban yafe mata ba.