Sunan 'Yar Fari

Tun da aka gano Hansatu tana da baiwa, hukuma ta sa ubanta, Mati, cikin dandalin iyaye na waya. Uban da dandalin bai gamsu da shi ba, karɓe ɗansa ake yi.

Da safe muryar dandalin ta ce, "Malam Mati, kira ta da sunanta, ka yabe ta. Gargaɗin ƙarshe ke nan."

Hansatu 'yar fari ce. Kunya ba ta taɓa barinsa ya faɗi sunanta ba, "ke" kawai yake cewa.

Ya tarar da ita tana wanke-wanke. Ya daɗe a tsaye.

"Hansatu. Kin yi ƙoƙari."

Ba ta dube shi ba. Sai ta kalli wayar da ke aljihunsa, ta ce, "To, Baba ya faɗa. Ku bar ni a gidanmu."