Ranar Fara Aikin Tela

Yau ma matar gidan ta ɓoye masa takalma.

Tela ya leƙa ƙarƙashin gado, ya duba bayan ƙofa, wayam. Tun da ya sauka a birnin nan matar ta sa shi a gaba kamar ya kashe mata wani. Ita ke riƙe da mukulli, ita ke yanke lokacin ci da lokacin kwanciya. Ashana ta kwashe, har almakashinsa ta ɗauke. A raba tela da almakashi, wane wulaƙanci ya wuce wannan?

Abin da ya fi ƙona masa rai, tana jin Hausa. Wata gurguwar Hausa ce, ko a ina ta tsinto ta oho, kuma da ita take masa tsawa.

Shi kuwa yau ba ranar zama ba ce. Yau zai fara aiki a masana'antar ɗinki da ke bayan tashar jirgin ƙasa, kuma an ja masa kunne: a garin nan baƙon da ya makara ranar farko, kafin ya iso an ba wani kekensa. In aikin ya kuɓuce, matarsa da jaririyar da ya baro a gida sai dai su ci gaba da zaman jira.

Da ya ji ruwa na zuba a banɗaki, ya laluba jakarta ya zaro mukulli, ya zura silifas ɗinta, ya sulale.

Titi bai yi masa maraba ba. Kowa sauri yake kamar ana binsa. Ya gaida wani, mutumin ya kauce. Ya gaida wata, ta rungume jakarta. A bas ya miƙa wa direba kuɗi, direban ya hau nuna masa wata na'ura yana ɓaɓatu da yarensu, na baya suna tsaki, har Tela ya sauka da kunya ya kama hanya da ƙafa.

Gwiwoyinsa suka fara ciwo, ya ɗora laifin kan doguwar tafiyar da ya sha. Sa'arsa ɗaya, bai ɓata ba, kowace kwana ya sha sai ta zama daidai. Wani mai shagon jarida ya ɗaga masa hannu yana kira, da ya ga bai tsaya ba ya ɗauki waya. Munafuki, in ji Tela a ransa, garin nan kowa ɗan rahoto ne.

A bayan tasha babu masana'anta. Wani dogon gini ne na gilashi, shaguna sama da ƙasa. Tela ya je wurin mai gadi yana kwatanta ɗinki da hannu da ƙafa. Mai gadin ya kama shi a damtse ya kai shi bakin titi ya sake.

Nan ya zauna, tsoro ya rufe shi. Lokaci ya wuce, aiki ya tafi, bai ma san wa zai roƙa ba.

Tasi ta tsaya a gabansa. Matar gidan ta fito, kanta a jiƙe, idanunta jawur.

“Ka gaji da ni ne? So kake mota ta take ka?” ta ce.

“Ke zan tambaya, baiwar Allah,” in ji Tela. “Me na tsare miki? Kin kulle ni kamar ɓarawo, kin sa na rasa aikina. ’Yata ko zama ba ta fara ba. Yanzu da me zan kawo ta?”

Matar ta durƙusa a gabansa kan titin, ta kama hannunsa biyu.

“Baba, ka kawo ta tun tuni. A nan ka yi aiki har ka yi furfura, kafin a rushe wurin. Dube ni da kyau, ni ce jaririyar.”