Zoben Keken Jima

Karo na uku ke nan Jima, gardin kumandan, wato dogarin Baturen mulki, ya kawo kekensa maƙerar Kalla a Tama. Da fari maɗorin jakar takardu Kalla ya ƙera masa. Da Jima ya yi ƙiba, ya faɗaɗa masa sirdi. Yau zobe yake so a baya.

"Na mi ne, ranka shi daɗe?"

"Na igiya. Waɗanda nike kaiwa aikin dole suna tsere mini."

Kalla ya hura wuta, tunda ba a taɓa ɗaukar maƙeri aikin dole ba. Ya ƙera zobe mai kauri.

Jima ya zura igiya, ya ja, ya yi murmushi.

"Madalla. Miƙo hannuwanka. Kumandan na son mai gyaran diga, kuma Madawa, wurin aikin, da nisa."