Gwajin Bayan Sallar Juma'a

Tun da famfuna da ƙofofin garin suka koma kan intanet, doka ta ce duk wanda ya taɓa manhajar da ke haɗa su, a unguwarsu zai fara gwadawa.

Juma'a uku ke nan manhajar da Uwani ta gyara tana mutuwa da zarar an idar da salla, jama'a sun kunna wayoyinsu lokaci guda. Sai ruwa ya ɗauke, ƙofofi su ƙi buɗuwa. Yau da gangan za ta bar ta ta sake mutuwa, don ta ga inda take sarƙewa.

Maƙwabciyarta Inna Delu ta faɗo ɗakin ko sallama babu.

"Wancan makon awa biyu 'yata ta yi a kulle tana naƙuda. Mu kika raina ko?"

"Inna, in ban ga mutuwar manhajar ba, ba ta gyaruwa."

"To madalla. Na'urar numfashin ubanki da kika ware wa layi daban, ɗazu mun mayar da ita kan namu. Gwada mu gani."

Daga lasifikar masallaci, liman ya yi sallamar farko.