Ta'aziyya a Kantin Rahusa

Tun da kantunan Sauƙi suka maye gurbin kasuwanni, kowa ya san dokarsu: kaya da araha, amma duk mintin da ka ƙara a ciki, farashi na hawa. Shi ya sa ba a gaisawa.

Tabawa ta ɗauki shinkafa ke nan ta hango Gwamma, maƙwabciyarta a tsohuwar kasuwa, wadda mijinta ya rasu makon jiya.

"Gwamma, ya haƙuri?"

"Yaya Tabawa, wuce abinki, na yafe. Kuɗin na hawa."

"Su hau! Ta'aziyyar Malam zan yi a guje?"

Ta ɗaga hannu ta yi addu'a a natse. Da suka shafa, shinkafar ta fi ƙarfinta. Ta mayar da ita, ta fito riƙe da hannun Gwamma.